Bakin Bindigar Lele

Litinin, 1 ga Satumba

Yaya ta zo gareji da rana tsaka, da leda a hannu. Ina durƙushe ina shafa fila, abin cike lotsawa, a gefen wata motar haya ta tsaya a kaina ta ce, "Auta, na kawo maka aikin da ya fi ƙarfinka." Ta san inda ake taɓa ni.

Bindigar wasan Lele ce a ledar, 'yarta da ke makarantar kwana yanzu. Ta roba, rawaya mai kashe ido da ratsin kore, irin mai harba harsashin soso. Na gane ta tun kafin ta gama fitowa. Da ita Lele take harbina a ƙeya duk ranar da na je gidan. Bakin duk tabon haƙori ne, ciki da waje, don tun ba ta iya harbi ba take gwaguyarsa.

Ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo za ta hau dandamali ƙarshen wata. Akwai inda ɗan fashi zai ɗora wa wata mata bindiga, ita kuma ta tsaya ta yi ta yi masa magana har ya sauke hannu. Daraktansu ya ce ba zai bari a ɗaga kayan wasan yara a gaban jama'a ba, dariya za a yi a inda ake neman hawaye. Yana son wadda in an gan ta za a haɗiyi yawu. Yaya ta ce masa tana da ƙane mai fentin mota.

Na tambaye ta wa zai fito a matar. Ta ce ita.

Shekara biyu rabonta da dandamali, tun ranar da 'yan fashi suka shiga shagon wayoyin da take aiki, ɗayansu ya sa mata bindiga a fuska. Daga ranar ko ƙofar ɗakin wasan ba ta sake takawa ba. Yanzu ita da bakinta ta nemi wannan fitowa, kuma ta ce min in ta kasa ta haƙura da wasa har abada. Na san Yaya. In ta ce har abada, ba ta barin taga a buɗe.

Ba za ta kasa ba. Ni kuwa ban taɓa mayar da aiki ba. Na karɓi bindigar, na bar mata ledar.

Talata, 2 ga Satumba

Na kwance ta. Sukurori a murfin kwalba, ɓarin dama da na hagu a kan tsohuwar jarida. Abu na farko, na zare sifirin da duk kayan harbin na watsa a shara, ko ƙuda ba za ta sake harba ba. Kunamar kawai na bari don yatsan ɗan wasa ya sami abin yi.

Ciki fanko. Wai wannan ce ta hana ni sakewa a gidan Yaya shekara da shekaru.

Laraba, 3 ga Satumba

Samfefa tun safe, a tsakanin motoci. Roba ba ta son fenti sai ka kankare mata wannan sheƙin, in ba haka ba ta karɓa yau ta zubar gobe.

Oga, mai garejin, ya wuce ya ga abin da nake yi. "Yaro, yanzu kuma kayan goyo muke gyarawa?" Furfura ta fara fito min a gemu, 'ya'yana biyu, amma har yau yaro. Ya ɗauki ɓari ɗaya ya juya, ya leƙa ciki, ya ajiye. Sai ya faɗi abin da na san zai faɗa: mai fenti a cikin ƙofa ake gane shi.

Tun ina sabon shiga nake jin wannan karatu. Waje kowa ya iya. Buɗe ƙofa, ɗaga bonet, leƙa ƙarƙashin murfin but. In ka ga tsohon launi ko da kamar ƙwayar shinkafa ne, to wannan ba mai fenti ba ne, mai shafe-shafe ne. A kan wannan ƙa'ida na gina sunana, kuma duk layin nan an san motar da ta fita daga hannuna ko uwarta ba za ta tuna launinta na da ba.

Na ce, "Oga, in ka sami ɗigon rawaya a jikinta, ka karɓe min rigar aiki." Ya ce ya ji.

Juma'a, 5 ga Satumba

Filar da na shafa mata ta bushe. Tambarin kamfani ya tafi, ramukan sukurori sun tafi, tabon haƙoran da ke waje ya tafi. Sumul kamar kumatun jariri.

Asabar, 6 ga Satumba

Na je ɗakin wasan don in ga hannun da zai riƙe ta. Tsohon zaure ne, kujerun katako masu naɗewa jere-jere, fanka ɗaya ce ke juyawa, dandamalin yana kuka ta gefen hagu in an taka.

Ɗan fashin nasu Dogo suke ce masa. Gilashin ido yake sayarwa a bayan zauren, mutum ne da ko kyankyaso sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi. Darakta kuwa ɗan ƙaramin mutum ne da muryar mutum uku, gilashinsa a goshi yana ta cigiyar gilashi. A layin gaba akwai wata budurwa tana bin duk maganar Yaya da leɓe. Ita ce za a sa in Yaya ta gaza. Na raɗa mata suna mai jiran gado, a zuciyata dai.

Da guntun katako suke gwaji. Dogo a dama, Yaya a hagu a kan wata alamar alli, suna fuskantar juna, 'yan kallo na ganin su ta gefe. Dogo ya ɗaga katakon. Yaya ta buɗe baki.

Wallahi na manta cewa katako ne. Ba ta ɗaga murya ba. Abin da na riƙe kaɗan ne: "Mahaifiyarka ta san inda kake tsaye yanzu?" Can kuma, "Sauke hannunka, ya gaji, ina ganin yana rawa." Mai share zauren ta jingina tsintsiya ta tsaya. Ni kuma na yi ta kallon fanka don kada a ga idona. Yayata ta dawo, kuma na yi murna har cikin ƙashina.

Bayan sun gama na miƙa wa Dogo bindigar, na ɗan haɗa ta da tef. Ya ɗaga ta da yatsu yana kaɗawa kamar ludayi. Nan na gane abin da ya rage. Launi ba zai ruɗi kowa ba in hannu bai ji nauyi ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Tsofaffin notoci da washa daga kwalin Oga. Na jera su a cikin mariƙi da gindi, na zuba gam ya cika, don kada su yi ƙara in an motsa. Na rufe, na ɗaure.

Matata ta auna a hannu da na kawo gida. Ta ce, "Wannan ko a ƙafa ta faɗo wa mutum ta gama aikinta." Sannan ta kafa min doka: ba a hannu ba, ba a leda ba, cikin akwatin kayan aiki da kwaɗo, kuma kada yara su san tana gidan. Na ce ai na sani. Ta ce ta san na sani, tunawa ce ba na yi.

Laraba, 10 ga Satumba

Firaima, shafin farko, jiya, baƙi yau. Mara sheƙi. Sheƙi na mota ne. Sirara-sirara nake fesawa, in bari ta sha iska, in ƙara. Mai gaggawa shi ke ganin fenti na hawaye.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau ne aikin da na fi so. Sabuwa fil ba ta ba da tsoro, kamar daga shago take. Ta ɗan fashi sai ta sha hannu.

Na goga bakin fensir a samfefa na tara garin, na shafa da yatsa a jikin baƙin, nan take ya koma ƙarfe. Na taɓa gefe-gefe da fentin azurfa a busasshen burushi, inda hannu da aljihu za su cinye. Mariƙin na ja masa layi da burushin waya, na sa ruwan ƙasa, na bi da baƙi na goge. Yanzu sai ka rantse katako ne da gumi ya jiƙa shekara goma.

An ce yabon kai jahilci ne. To a nan babu mai karantawa sai ni, don haka: ban taɓa yin aiki irin wannan ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Na ɗaga ta a rana don dubawar ƙarshe, sai ga shi. Cikin bakin, can inda feshi bai kai ba, zoben rawaya yana leƙena, da 'yan tabon haƙoran Lele a leɓen ciki. Cikin ƙofa ke nan. Da Oga ya riga ni gani, da rigata ta tafi.

Burushin gareji duk sun yi kauri. Na ari ɗan siririn da matata ke gyara gira da shi, ba tare da ta san ta ba ni aro ba. Na bi zoben a hankali, shafi kan shafi, har can ƙuryar. Baƙi ƙirin, wanda ba ya mayar da haske. In ka leƙa yanzu ba ka ganin inda ramin ya ƙare. Na ɗiga man inji kaɗan a tsumma na goge jikin, don hanci ma ya shaida.

Na kai wa Oga. Ya juya ta, ya duba ƙarƙashin kunama, ya duba gindi. Da ya zo kan bakin ya leƙa, sai ya sa yatsa ɗaya ya kawar da shi daga saitin fuskarsa. Ya ce, "To."

Shekarun da na yi a hannunsa, "to" ɗin nan ban ji ta fi a ƙirga ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Matata ta gano burushin. Zan sayi sabo. Biyu, in ji ta.

Litinin, 15 ga Satumba

Na kai bindigar zauren da yamma, a akwati da kwaɗo kamar yadda aka umarce ni. Na buɗe a gabansu. Darakta ya sauko da gilashinsa daga goshi, yau ya same shi. Ya ce, "Malam mai fenti, ka tabbata wannan ce ta ledar?" Dogo ya ɗauka da hannu biyu, kafaɗunsa suka canja da kansu. Ba ludayi kuma.

Aka fara gwaji. Yaya ta hau alamar allinta tana dariya da wata. Dogo ya ɗaga.

Ta faɗi jimlar farko. Shi ke nan. Bakinta a buɗe, babu abin da ke fita. Hannunta ya damƙe gefen rigarta. Darakta ya jefa mata layin maganarta, ya sake jefawa. Ba Dogo take kallo ba, ba kowa take kallo ba. Can ta juya ta sauka ta bayan labule, muka ji an buɗe famfo.

Gajiya ce. Daga wurin aiki ta wuto kai tsaye, ko ruwa ba ta sha ba. Ranar farko da sabon kaya kowa yakan daburce. Gobe za ta ware.

Talata, 16 ga Satumba

Wayata ba ta huta ba. Dogo ya nuna wa wani mai shirya fim hoto, wai yana son irinta guda uku. Darakta ya ce za a sa sunana a takardar shiri. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Yaya ba ta kira ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na sake zuwa. Abin da ya faru ranar Litinin shi ya faru, har ya fi. Darakta ya gwada dabaru. Ya ce Dogo ya saita gefen kunnenta, amma daga kujeru sai ya zama kamar bango yake wa fashi. Ya ce ta kalli goshin Dogo. Ta ce to, Dogo na ɗagawa idonta ya koma inda ya saba. Ya ce a dawo da katako, ta zubo maganar tas ba tuntuɓe. Aka mayar da bindiga, ta ƙame.

Dogo kamar ya yi kuka. "Yaya, ni ne fa. Ni na gyara miki gilashin karatu." Ta ce ta sani.

Darakta ya ja ni gefe ya gaya min abin da ita ma ya riga ya gaya mata. Gwajin ƙarshe da kayan wasa ranar Alhamis mai zuwa ne. In ba ta iya ba a ranar, mai jiran gado za ta hau. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma an riga an sayar da kujeru. Na ce ya ƙara mata lokaci, mace ce da ta ga abin da bai gani ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ya kai har yau. Na ce to ko a koma kan katakon a shafa masa baƙi. Ya ce bayan ya ga wannan? "Aikinka ba shi da laifi, Malam mai fenti. Ko kaɗan."

Maganar ta yi min daɗi, kuma na ji haushin kaina da ta yi min daɗi.

Asabar, 20 ga Satumba

Na je gidanta. Na same ta tana guga, kayan wasan ne ma a kan teburin, rigar da za ta sa. Ta ba ni shayi. Muka yi hirar Lele, wai ta rubuto tana son sabon takalmi, ƙafa ta ƙi tsayawa. Muka yi hirar hayar gida. Ni ban kawo zancen ba, ita ta kawo, tana kallon dutsen guga.

Ta ce 'yan sanda sun tambaye ta kamannin ɗan fashin shagon a lokacin, ta kasa faɗa. Mai tsayi ne ko gajere, da gemu ko babu, har yau ba ta sani ba. "Ramin kawai na gani, Auta. Wani ɗan baƙin rami da ba shi da ƙarshe. Shagon duk ya shige ciki."

Na ce wannan ta Lele ce fa, ita ta kawo min da hannunta. Ta ce kanta ya sani, amma ba kan ne ke tsayawa a dandamali ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Na buɗe baki zan ce wani abu, ban ma san me ba, ta riga ni. "Kada ka taɓa ta. Ka yi aiki mai kyau, ban taɓa alfahari da kai kamar ranar da ka buɗe akwatin nan ba. Ni ce zan gyaru, ba ita ba. In ban gyaru ba, yarinyar nan da za ta maye ni ta iya, ba laifi."

Ta naɗe rigar ta sa a leda. Ledar da ta kawo min bindigar ce, na gane ta.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na ba matata labari. Na ce abin ba daga aikina yake ba, kowa ya shaida. Tana tsefe wa ƙaramar 'yarmu kai, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Cikin ramin nan da ka cinye min burushi a kansa, wa ka yi wa? 'Yan kallo ko Oga?"

Na ce mata ba ta san aiki ba. Na ƙi cin abinci. Na ci daga baya.

Litinin, 22 ga Satumba

Lokacin hutun rana na roƙi Dogo ya rufe shago na ɗan lokaci. Shi ke riƙe da makullin kabad ɗin kayan wasa. Ba don maganar matata ba, ina so ne in ga yadda fentin ke shan fitilar dandamali.

Na sa shi ya tsaya a wurinsa ya ɗaga. Na zauna a layin gaba, tsakiya. Na koma ƙarshen dama, na koma ƙarshen hagu. Na hau can baya. Na tsuguna kamar yaro, na miƙe kamar mai tsayi. Kyau dai ta yi, azurfar gefen tana ɗaukar fitila yadda na so. Amma duk kujerar da na zauna, gefenta nake gani. Babu kujera ɗaya a zauren nan da ke ganin cikin bakin. Mutum ɗaya ne a duniya aka yi wa wannan ramin, mai tsayawa a kan alli.

Sai na hau na tsaya a kan allin. Na ce, "Ɗaga." Ya ce, "Injiniya, ka tabbata?" Na ce ni na yi ta, na san notocin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya.

Ya ɗaga.

Ban ji komai ba. Warin man injin ne dai ya yi yawa, ban san na zuba haka ba. Dogo ya ce ya yi min magana sau biyu ban amsa ba. Ban ji shi ba, fankar tana ƙara.

Na ce masa kunamar tana ɗan cijewa, zan tafi da ita in duba. Ya ce shi bai ji tana cijewa ba. Na ce shi gilashi ya sani.

Talata, 23 ga Satumba

Cire fenti ya fi sa shi wuya. Tina, ruwan narkar da fenti, ba ta yiwuwa, za ta narkar da robar. Da tsinken reza na bi, kaɗan-kaɗan, ina hurawa. Wanda ya shafa wannan baƙin ya iya aiki, Allah ya isa tsakanina da shi.

Wajen la'asar rawayar ta fara fitowa. Zoben gaba ɗaya, daga leɓen ciki zuwa inda ido ke kaiwa. A ƙuryar na cusa guntun harsashin soso da na tsinta a ƙasan akwatina, kore, don ramin ya sami ƙarshe. Tabon haƙoran suna nan, biyu a sama biyu a ƙasa, ƙanana kamar na ɓera. Daga waje ban taɓa ko ƙwayar zarra ba. Na wanke man injin da sabulu.

Oga ya zo wucewa, na kifa ta a cinya na rufe da tsumma. Mutum da furfurarsa.

Yaya ta ce kada in taɓa. Ban taɓa abin da ta yaba ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ban gaya wa kowa ba. Na miƙa wa Dogo na ce kunama ta gyaru. Darakta ya duba ta daga inda yake zaune ya ɗaga min babban yatsa. Mai jiran gado ta zo da rigarta a jaka, ban ga laifinta ba, an ce ta zo da shiri.

Yaya ta fito a rigar da ta goge. Fuskarta kamar wadda za a yi wa allura. Ta taka alli. Dogo ya ɗaga.

Idonta ya tafi inda ya saba zuwa. Na ƙirga notocin cikin mariƙin a zuciyata don in sami abin yi. Darakta ya ɗauki numfashi zai jefa layi.

Sai na ga gefen bakinta ya motsa, irin motsin da take yi in Lele ta yi ɓarna tana so ta yi faɗa dariya na hana ta. Ta saki rigar. Ta ɗago ido daga bindigar ta sa shi a fuskar Dogo, karon farko tun da na kawo ta.

"Mahaifiyarka ta san inda kake tsaye yanzu?"

Daga nan ba ta tsaya ba. Ta fi ranar katako. Da ta zo wurin "sauke hannunka, ya gaji," hannun Dogo da gaske rawa yake, nauyin notoci ne ko mene ne oho. Da ya sauke, babu wanda ya tafa sai da aka ɗan jima. Mai jiran gado ce ta fara, Allah ya yi mata albarka.

Darakta yana ta faɗin ai ya san za ta ware, dabararsa ta kallon goshi ce ta yi aiki. Na bar shi da ita.

A bakin ƙofa Yaya ta tsaya kusa da ni tana gyara jaka. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Mai fenti ya manta wuri."

Na ce fenti ne ya ƙare.

Ta ce, "Haka ne. Yana ƙarewa." Ta kama kunnena ta ɗan murɗa kamar lokacin da nake ƙarami, ta wuce.

Asabar, 27 ga Satumba

Zaure ya cika har da na tsaye. Da Dogo ya zaro ta, wata mata a bayana ta ce a'uzubillahi ta rufe wa ɗanta ido. Oga ya zo, da rigar fita, ya zauna a gefena. Da aka tashi na ga ya share hanci, ya ce ƙurar fanka ce.

Yaya ta yi. An kira ta gaban labule har sau biyu.

Litinin, 29 ga Satumba

Aiki ya dawo. Mai fim ya kira a kan guda ukun nan, na ce zan yi, amma sai na ga wanda za a nuna wa su tukuna. Ya ce wanda zai riƙe nake nufi? Na ce a'a.

Wani dattijo ya kawo tsohuwar motarsa, shuɗiya, yana so ta koma fara. Da na buɗe ƙofar baya ina kankara, sai na ga an ƙarce fentin ciki da ƙusa can ƙasa kusa da sakata, wani abu mai ƙafa huɗu, ko kyanwa ko akuya, aikin ƙaramin hannu. Ya daɗe, har ya yi tsatsa a gefe. Na tambayi mai motar da ya dawo ɗaukar takardunsa. Ya daɗe yana kallo, ya ce bai san yana nan ba. Bai ce a bari ba, bai ce a shafe ba.

Na manna tef a kai kafin in yi feshi. Wuri ne kamar tafin hannu, ba mai gani sai wanda ya durƙusa.

Da yamma Oga ya zo zagayensa. Ya ɗaga bonet, ya leƙa but, ya buɗe ƙofar bayan. Ya durƙusa. Na ci gaba da wanke bututun feshi kamar ban gan shi ba.

"Yaro, ka bar shuɗi a nan."

Na ce fenti ne ya ƙare. Galan ɗin farin yana gefen ƙafarsa, ko rabi ban ci ba. Ya kalli galan, ya kalle ni, ya rufe ƙofar a hankali.

Rigata dai tana jikina. Gobe akwai motar haya biyu, kuma har yanzu ban sayi burushin nan ba.